Tarihin Gyaran Bindiga da Ɗura Albarushi, da Yadda Ya Shafe Mu a Zaman Kurmi

 

Yau ba maganar goro ko ta shanu zan yi ba. Akwai wani abu da ya fara yawo a wayoyin samarinmu, tun daga Sabon Shagamu har Agege da Sabon Ibadan, wato hotunan bidiyo na wasu Amurkawa da ke nuna yadda suka kafa tebur a garejin gidansu, suka jera kayan aiki, suna kwance bindigoginsu na farauta suna gogewa, suna kuma sake ɗura kwanson harsashin da suka riga suka harba. Tebur tsaf-tsaf, fitila a sama, ma'auni a gefe, mutum na aiki a natse kamar mai gyaran agogo. Duk wanda ya kalla sai abin ya burge shi, har ka ji wani na cewa ai mu ma kakanninmu sun yi wannan aiki, me zai hana mu yi?

Gaskiya ne, kakanninmu sun yi aikin bindiga. Sai dai ya kamata mu tambayi kanmu: a ina suka yi shi, kuma wa ya ba su izini? Idan mai karatu ya biyo ni a hankali, zai ga cewa tun ranar da bindiga ta shigo ƙasar nan, gyaranta da sarrafa albarushinta sana'a ce ta sarari, wadda ake yi a gaban idon mai mulki. Sarki ya riƙe ta, Bature ya karɓa, gwamnati ta gada. Wannan tarihi kuwa ya fi shafarmu mu da ke zaune a garin wasu fiye da kowa.

Yadda bindiga ta shigo ƙasar Hausa

Sunayen ma kansu sun isa shaida cewa baƙuwa ce. Kalmar bindiga daga Larabci muka aro ta, wato bunduƙiyya. Albarushi daga albarud ya fito. Harsashi kuma daga rasas, wanda ke nufin dalma. Wannan ya nuna cewa ta bakin Larabawa da fataken Sahara kakanninmu suka fara sanin wannan makami.

A Borno aka fara jin amonta sosai. Mai Idris Aloma, wanda ya yi sarauta a ƙarshen ƙarni na 16, ya samo Turkawa masu harbin bindiga, ya kuma sa aka koya wa bayin gidansa harbi. Limaminsa, Ahmad Ibn Furtuwa, shi ya rubuta labarin yaƙe-yaƙensa, ta nan ne muka san haka. A lura da wannan tun yanzu: bayin gidan sarki aka koya wa, ba talakawan gari ba.

A Kano kuwa, littafin nan na tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, an riƙa kawo bindigogi daga ƙasar Nupe. To, Nupe kudu take da Kano. Ke nan a wannan lokaci hanya ta juya, bindiga ta fara hawowa daga bakin teku. Littafin ya kuma nuna cewa Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin Kano na farko da ya kafa 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa.

Duk da haka bindiga ba ta kori kwari da baka ba. Tana da tsada, ɗura ta na ɗaukar lokaci, ga shi da damina albarushi kan yi sanyi ya ƙi tashi. Maharbi mai kibiya zai saki kibau da dama kafin mai bindiga ya sake ɗurawa. Shi ya sa jihadin Shehu Usmanu na 1804 aka yi shi galibi da baka da takobi da mashi da dawaki. Sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 ne bindigogi suka yawaita a masarautu, kuma a nan ma sarakuna sun fi damƙa su a hannun bayinsu, domin kada wani hakimi ya tara ƙarfi ya juya wa fada baya.

Wurin da aka fi yin nisa a wannan aiki shi ne Damagaram. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara maƙera a birninsa suna zuba igwa, ana kuma haɗa albarushi a can, har ya zama Damagaram ta gagari maƙwabta. Can yamma kuma maƙeran Samori Ture sun kai ga gyara bindigogin Faransa na zamani, har suna ƙera irinsu. Amma duka biyun ma'aikatun sarauta ne. Maƙerin da ke ciki sarki yake wa aiki, kuma sarki ya san adadin abin da ya fita daga hannunsa.

Bindigar toka da maƙeranta

Yanzu sai mu gangaro nan Kurmi, inda muke zaune, domin nan ne ƙofar da mafi yawan bindigogi suka bi. Bindigar da muke kira ta toka, ko adaka, ko harbi-ka-ruga, wadda Yarbawa ke kira shakabula, Turawa suna jingina sunanta ga mutanen Denmak, saboda fatakensu da ke da sansani a Osu kusa da Akra sun yi suna wajen sayar da ita. Amma mafi yawan irinta a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam aka riƙa ƙera su. Masanin tarihi Joseph Inikori, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya ƙiyasta cewa tsakanin 1750 da 1807 bindigogin da ke shigowa Afirka ta Yamma duk shekara sun kai tsakanin 283,000 da 394,000. Kuma abin baƙin ciki, da bayi ake musayar kaso mai yawa daga cikinsu.

Wannan bindiga ta baki ake ɗura ta. A zuba albarushi, a cusa tsumma, a zuba dalma ko guntayen ƙarfe, a danna da sanda. Idan aka ja kunama, dutsen ƙanƙara ya bugi ƙarfe kamar ƙyastu, tartsatsi ya faɗa kan albarushi, ta tashi. Harbi ɗaya ke nan. Idan ka kuskure ɓauna, sai ƙafa ta cece ka, daga nan sunan harbi-ka-ruga ya samo asali. Kuma da yake da yawa daga cikin bindigogin da ake kawo mana masu araha ne, ba a gwada ƙarfinsu yadda ya kamata ba, sau da yawa sukan fashe a hannun mai harbi. Har yau idan ka zauna da tsofaffin maharba ba za ka rasa mai guntun yatsa ko tabon ƙuna a fuska ba.

Rashin ingancin nan shi ya buɗe wa maƙera sabuwar kasuwa. Bindigar da ta taho daga Turai, idan kunamarta ta karye, ba mai mayar da ita Birmingham. Maƙeri za a kai wa. A ƙasar Hausa maƙera kashi biyu ne: maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla, da maƙeran baƙi masu aikin ƙarfe. Su na baƙin ne suka ɗauki gyaran bindiga, da kayan aikin da suke ƙera fartanya da lauje da su: uwar maƙera, masaba, awartaki, zuga-zugi, magagari da gawayi. Wannan shi ne teburin aikin kakanninmu, idan har za mu kira shi tebur. Rumfa ce a buɗe, a bakin kasuwa ko a unguwar maƙera, kowa ya zo wucewa yana ganin abin da ke cikin wuta. A saman maƙera akwai Sarkin Maƙera, wanda shi ke amsa kiran fada. Su ma maharba suna da Sarkin Baka. Saboda haka idan bindiga ta yi ɓarna a gari, an san ƙofar da za a buga.

Maƙwabtanmu ma haka tsarinsu yake. A ƙasar Yarbawa maƙera da maharba suna da ƙungiyoyinsu da shugabanninsu, kuma a al'adarsu ta gargajiya dukkansu suna jingina sana'arsu ga Ogun. A ƙasar Ibo kuwa, garin Awka ne ya yi fice. Maƙeran Awka matafiya ne kamar fatakenmu. Sukan ɗauki kayan aikinsu su tafi garuruwa masu nisa, su yi watanni suna ƙira da gyaran bindigogi, sannan su koma gida. Amma duk garin da suka sauka, sai sun sami mai masauki da ya tsaya musu, kamar dai yadda bafatake ba ya sauke kaya a zango sai ta hannun maigida.

Hausawan Kurmi da bindiga

Ƙarni na 19 ƙarnin yaƙi ne a ƙasar Yarbawa, kuma bindiga ce ta sauya yanayinsa. Ijabu, da yake su ke kusa da teku, su suka fara tara ta da yawa. Wajen 1840 mayaƙan Ibadan suka tare mahayan Ilori a Oshogbo. Daga baya aka yi yaƙin Kiriji, wanda ya fara a 1877 bai mutu murus ba sai 1893, kuma ana cewa daga ƙarar manyan bindigogi aka samo sunansa. A wannan yaƙi duk wanda ya riƙe hanyar da albarushi ke bi daga Legas, shi ke da rinjaye.

A daidai wannan zamani ne Hausawan Kurmi suka shiga labarin. A 1863 wani hafsan jiragen ruwan Ingila mai suna John Glover ya tara wasu Hausawa a Legas, da yawansu bayi ne da suka tsere, ya ba su horo da bindigogi. Su ne aka riƙa kira Hausawan Glover, kuma daga gare su ne rundunar sojan Nijeriya ke lissafa asalinta. An kai su yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874. A watan Mayu na 1892 kuma suna cikin rundunar da ta ci Ijabu a Imagbon. Wato Bahaushen da ke cikin wannan runduna, bindigar gwamnati ya riƙe. Ba tasa ba ce, kuma a ma'ajiyar gwamnati ake lissafa ta. Amma wannan bai hana mutanen ƙasa kallon Bahaushe a matsayin mai ɗauke da makamin Bature ba. Irin wannan kallo ba ya gogewa da wuri.

Kakanninmu da suka biyo baya, masu goro da masu shanu, sun fahimci haka. Lokacin da aka kafa Sabon Ibadan a 1916, abin da ya riƙe unguwar shi ne amana da tsari: Sarkin Hausawa, masu gidajen baƙi, dillalai da malamai. Baƙo ya sauka, akwai wanda ya san shi, akwai wanda zai amsa tambaya a kansa. Jarinsu ke nan, kuma da shi suka ci kasuwa shekara da shekaru.

Bature ya rufe ƙofa

A 1890 ƙasashen Turai suka zauna a Brussels suka rattaba hannu kan wata yarjejeniya. A fili an ce don kashe cinikin bayi ne. Amma a cikinta akwai sharaɗin hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a duk faɗin yankin da ke tsakanin layi na 20 arewa da na 22 kudu, wanda ya haɗa da ƙasarmu gaba ɗaya. Abin da aka bari a ci gaba da sayarwa shi ne tsohuwar bindiga mai dutsen ƙanƙara da albarushin kasuwa. Su kuwa a lokacin sun riga sun mallaki bindiga mai aman wuta, wato Maxim.

Sakamakon ba ya buƙatar dogon bayani. Rabe, duk da tarin bindigoginsa, Faransawa sun kashe shi a Kusuri a 1900. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris, sannan aka yi Burmi a watan Yuli na wannan shekara, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada. A gabas kuma, bayan yaƙin Aro na 1901 zuwa 1902, Turawa sun riƙa bin gari-gari suna tara bindigogin mutane suna kakkaryawa a bainar jama'a. Waɗanda suka karanta littafin Chinua Achebe mai suna Arrow of God, wanda ya fito a 1964, za su tuna cewa laƙabin da mutanen gari suka sa wa Baturen mulkin da ke ciki yana nufin mai karya bindigogi.

Daga nan bindigar toka ta sauka daga matsayin makamin yaƙi. Ta koma kayan farauta, da korar birai da gyado daga gona, da kuma kayan biki. A arewa 'yan bindigar sarki suka ci gaba da buga ta a hawan sallah da tarbar manyan baƙi, a kudu kuma ana buga ta wajen jana'izar manya. Abin mamaki, kalmar 'yan bindiga da a da ke nufin bayin fada masu ƙawata hawa, yau idan ka ji ta a rediyo gabanka ne zai faɗi. Allah Ya kawo mana sauƙi.

Abin da dokar Nijeriya ta ce

Ana gab da samun 'yancin kai aka kafa Dokar Bindigogi, wadda ta fara aiki a 1959. Ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin na soja da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai na uku, masu ɗuri ta baki, wato su bindigar toka, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Wurin da ya fi shafar maganarmu shi ne wannan: dokar ta hana kowa ƙera bindiga ko harsashi, ko haɗa su, ko gyara su, in ba a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko ta soja ba, sai fa wanda hukuma ta ba takardar izini ta musamman. Ko maƙerin da ya gaji sana'ar tun kaka da kakanni, sai da wannan takarda. Hukuncin ƙera makami ba izini kuwa ɗauri ne na shekaru masu yawa. Ke nan lasisin riƙe bindiga daban, izinin gyara ko ƙira daban. Mai lasisi zai goge bindigarsa ya shafa mata mai, amma lasisin bai mayar da ɗakinsa masana'anta ba.

Gwamnati ta tanadi nata wurin. A 1964 aka kafa masana'antar makamai ta DICON a Kaduna, da taimakon wani kamfanin Jamus ta Yamma mai suna Fritz Werner. Sai yaƙin basasa ya zo daga 1967 zuwa 1970, makamai suka watsu a hannun mutane, fashi da makami ya yi ƙamari, har gwamnatin soja ta kafa dokar kisa a kan 'yan fashi a 1970, aka riƙa harbe su a Bar Beach a gaban jama'a. Tun daga nan igiya ƙara tamkewa take yi. Ƙasashen ECOWAS sun dakatar da shigowa da ƙera ƙananan makamai a 1998, suka mayar da matakin cikakkiyar yarjejeniya a 2006. A 2023 Sufeto Janar ya sanar da dakatar da bayar da sababbin lasisi, a 2024 kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai.

To, su Amurkawa fa?

Tunda daga wurinsu bidiyon ke zuwa, ya kamata mu san inda nasu teburin ya samo asali, domin kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Tun 1791 suka rubuta 'yancin riƙe makami a tsarin mulkinsu. Bayan an ƙirƙiro harsashi mai kwanson tagulla a tsakiyar ƙarni na 19, sai aka lura cewa kwanson ne ya fi komai tsada, kuma ba ya lalacewa da harbi ɗaya. Maharban ɓauna na shekarun 1870, waɗanda ke tafiyar makonni nesa da kowane kanti, sai suka riƙa tsince kwansonsu suna sake ɗurawa a sansani. Larura ce ta haifar da abin, ba sha'awa ba.

Daga baya 'yan kasuwa suka shigo. A 1884 John Barlow ya kafa kamfanin Ideal mai yin kayan ɗuri na hannu, kamfanin Lyman ya karɓe shi a 1925. A 1943, lokacin da yaƙin duniya na biyu ya jawo ƙarancin harsashin farauta, Fred Huntington ya fara kamfanin RCBS a garin Oroville na jihar Kalifoniya. A 1958 Richard Lee ya fito da ƙaramin kayan ɗuri mai araha. Da haka abin ya tashi daga sansanin maharba ya koma garejin gida. Dokar tarayyarsu ta yarda mutum ya ɗura don amfanin kansa, amma idan zai sayar sai da lasisi.

Abin da bidiyo ba ya nuna maka shi ne ginin da ke ƙarƙashin wannan tebur. Tun 1926 masu ƙera makamansu suke da ƙungiyar da ke tsayar da ma'auni ɗaya ga kowane nau'in harsashi. Kowane kayan haɗi daga masana'anta yake fitowa da lamba. Akwai littattafan da kamfanoni suka gwada a ɗakin bincike kafin su buga. Akwai dokokin kashe gobara kan adadin abin da za a ajiye a gida. Duk da wannan tanadi, su ma sukan yi haɗari, ga kuma bala'in harbe-harbe da ya addabi makarantunsu da kasuwanninsu. Wanda ya ɗauko teburin kaɗai ya baro dokar da ma'aunin a can, bai ɗauko komai ba sai haɗarin.

Inda abin ya shafe mu

Mu dubi irin gidajen da muke ciki. Gidan haya ne mai ɗaki goma ko fiye, ɗaki na kallon ɗaki, risho ko tukunyar gas a baranda, janareta a bayan taga, yara na shiga ko'ina. Mutanen Legas ba su manta ranar 27 ga Janairu 2002 ba, ranar da ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta kama da wuta, mutum sama da 1,000 suka rasu, da yawansu a magudanar ruwa ta Oke-Afa wajen gudu. Wannan fa a hannun sojoji ke nan, waɗanda aikinsu ne. Ina ga ɗakin haya?

Sannan akwai abin da ya fi gobara. Mu baƙi ne a idon masu gari, ko da an haifi kakanka a nan. Laifin mutum ɗaya a kanmu duka ake ɗora shi, wake ɗaya ke ɓata gari. Mun ga Shagamu a Yulin 1999, mun ga Idi-Araba a Fabrairun 2002, mun ga Ile-Ife a 2017, mun ga kasuwar Sasa a 2021. Kowanne daga ƙaramin abu ya taso, jita-jita ta hura shi. Yanzu a ce an kutsa wani ɗaki a Sabo an fito da tebur da kwanson harsashi da albarushi, an ɗauki hoto an watsa a waya. Wa zai tsaya ya saurari cewa sha'awa ce kawai ta wani saurayi? Kafin la'asar an ce Hausawa na da masana'antar makamai, kuma mai shayi da mai wankin takalmi da ba su san hawa ba su san sauka ba, su za su fara biya.

Wanda ke ganin na yi zuzutawa, ya tuna Uromi. A ƙarshen Maris na 2025 wasu mafarauta 'yan arewa sun taso daga yankin Fatakwal za su Kano yin sallah. 'Yan sintiri suka tare motarsu a Uromi ta jihar Edo, aka ga bindigogin toka, aka yi musu ihun masu satar mutane. Mutum 16 aka kashe. Bindigar da kakanninsu suka yi farauta da ita, wadda dokar ƙasa ta san da zamanta, ita aka riƙe hujja. Waɗanda suka yi kisan su ne masu laifi, babu wani uzuri da zai wanke su, kuma haƙƙinmu ne mu ci gaba da neman a hukunta su. Amma abin ya nuna mana yadda ganin bindiga a hannun ɗan arewa ke kunna wuta a wannan zamani. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba ina cewa a raina maharba ko maƙera ba ne. Sana'o'i ne masu daraja, kuma a garuruwa da yawa na arewa maharba ne ke kwana a daji don wasu su yi barci. Abin da nake cewa shi ne mu koma kan tsarin da ya riƙe waɗannan sana'o'i tun asali. Duk maharbin da ke zaune a cikinmu, Sarkin Hausawa ya san da shi, ƙungiyar maharban garin ta san da shi, ofishin 'yan sanda na yankin ya san da shi, takardunsa kuma su kasance a jikinsa. In tafiya ta kama, a nemi shawarar hukuma kan yadda za a ɗauki bindigar tun kafin a hau mota, domin ba a fafe gora ranar tafiya. In ta lalace, a kai wa wanda ke da izinin gyara. Masu gidajen baƙi su san abin da ke cikin kayan wanda suka saukar, kamar yadda iyayenmu suka yi. Saurayin da Allah Ya ba basirar hannu kuwa, ga walda, ga gyaran inji, ga makarantun koyon sana'a, ga aikin soja ga mai son harkar makamai ta hanyar da doka ta yarda.

Ina roƙon dattawanmu da limamanmu su ɗauki wannan magana su kai ta majalisa da masallaci, don ba kowane yaro ne zai karanta ta a nan ba. Wanda kuma ya san wani abu na tarihin maƙera ko maharban garin da yake zaune, ya taimaka ya rubuta shi tun tsofaffin da suka sani suna raye.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya ba mu abin da muka fito nema. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalam.